Omeka ko shafuka tsayayyu: wanne ya dace da aikin bincike kan almara?

Malama, kin ce kina haɗa aikin digirinki a kan almara da labaran asali na al'ummomi, kina da muryoyin da kika naɗa, da bidiyo, da hotunan tsofaffin rubuce-rubuce da taswirori, kuma kin rasa wanda za ki ɗauka tsakanin Omeka, manhajar adanawa da baje kolin kayan tarihi a intanet, da shafukan intanet tsayayyu, wato waɗanda ba rumbun bayanai a bayansu. Zan jera miki su gefe da gefe, amma tun farko ga inda na karkata: in ke kaɗai ce, kuma ba wanda ya ɗauki alkawarin kula da aikin bayan kin kammala, ki ɗauki tsayayyun.

Almara ba ta zuwa da baki ɗaya. Wannan mai ba da labarin zai ce jarumin ɗan sarki ne, wancan ya ce maraya ne, na ukun ma ya sauya sunan kogin da aka haye. Duk waɗannan ruwayoyin su ne aikin, ba wadda za ki kira ta gaskiya ki zubar da sauran. A nan Omeka ta fi ƙarfi. Cibiyar Roy Rosenzweig ta Jami'ar George Mason a Amurka ce ta fitar da ita a 2008 domin gidajen tarihi da ɗakunan karatu, kuma sabon reshenta, Omeka S, yana ba ki damar ajiye ruwaya daban, mai ba da ita daban, wuri daban, sannan ki ɗaura su da juna. Mai karatu ya danna sunan jarumi, duk ruwayoyin da ya fito a ciki su bayyana. A shafuka tsayayyu, misali da CollectionBuilder, manhajar gina irin waɗannan shafuka ta ɗakin karatun Jami'ar Idaho, komai daga jadawali ɗaya yake fitowa, kowace ruwaya da layinta. Alaƙar da hannu za ki ƙulla ta, kuma harafi ɗaya da ya kuskure a suna ya isa ya raba ruwaya da 'yan uwanta.

Sai dai dukansu biyu za su tsayar da ke a wuri guda. Ma'aunin bayanin kaya na Dublin Core, mai gurabe 15, yana tambayar wa ya ƙirƙira da yaushe. To wa ya ƙirƙiri almara? Wanda ya faɗa, ko wanda ya naɗa, ko wanda ya fassara? Ki yanke ƙa'idarki tun kafin ki shigar da ruwaya ta farko, ki rubuta ta a fili, ki ba kowannensu gurbinsa. Mai ba da labari ya cancanci a san da shi, in ya amince.

Batun nauyi ba ya buƙatar dogon bayani. Sauti na WAV mai ingancin faifan CD yana cin kusan megabayit 10 a minti ɗaya, MP3 na yau da kullum kuma kusan 1. GitHub, inda aka fi ɗora shafuka tsayayyu kyauta, ba ya karɓar fayil da ya haura megabayit 100. Omeka za ta karɓi iya abin da sabarki, wato kwamfutar da ke riƙe da shafin a intanet, ta yarda, amma mai wayar da intanet ɗinta ke ja da ƙyar ba zai jira ba. Ko wanne kika zaɓa, ki adana na asali a wurare biyu ko uku, ki ɗora mara nauyi. Rubutun da ke tafiya tare da murya kuwa ki yi shi a manhajar ELAN ko a fayil ɗin WebVTT, duk a tsarin haruffa na UTF-8, domin kada ƙ da ɗ da haruffan wasu harsuna su koma alamar tambaya.

Akwai wurin da tsayayyun shafuka ba su da amsa ko kaɗan. Duk abin da kika ɗora, kowa zai gani. Wasu labaran asali kuwa masu su ba su yarda kowa ya ji ba. Wannan ne ya haifar da Mukurtu a 2007, manhajar adana kayan al'adu da aka fara tare da al'ummar Warumungu ta Ostireliya, inda su da kansu suke tsara wa zai ga me. Omeka tana iya ɓoye abu ko bayyana shi, amma ba ta kai Mukurtu a wannan fanni ba. In kina da irin waɗannan muryoyin, shawarata ta farko ta rushe, amanar masu labari ta fi sauƙin aikinki.

Abin da ya sa duk da haka na karkata ga tsayayyun shi ne tsawon rai. Omeka tana tsaye ne a kan manhajojin PHP da MySQL, su kuma kullum ana sabunta su. Dole wani ya riƙa biyan kuɗin saba, yana toshe kafofin masu kutse, yana gyara ƙarin manhajojin da suka daina aiki. Ranar da wannan mutumin ya bar sashen, aikin ya fara mutuwa. Mun ga haka da yawa. A 1986 BBC ta tattara gagarumin aikin Domesday, tarin bayanai kan rayuwa a Birtaniya, a faifan LaserDisc, kafin 2002 sai da masana suka yi aikin ceto domin na'urorin karanta shi sun kusa ƙarewa. Da Adobe ta daina tallafa wa Flash, manhajar nuna hotuna masu motsi a shafukan intanet, a ƙarshen 2020, taswirori masu motsi na ayyukan jami'o'i da dama suka zama farin fili. A ɗaya ɓangaren ga Perseus na Jami'ar Tufts, matattarar rubuce-rubucen Girka da Rum da almararsu: ya fito a faifan CD a 1992, ya hau intanet a 1995, har yau ana amfani da shi, saboda tun farko an ajiye matanin da tsarinsa daban da manhajar da ke nuna shi. Da tsohuwar zuma ake magani. Shafin HTML, da jadawali, da fayil ɗin sauti, za ki iya kwafe su gaba ɗaya ki miƙa wa ɗakin karatu, su buɗu ko ba intanet.

In ku ƙungiya ce, ɗalibai da yawa suna shigar da kaya, kuma ɗakin karatun jami'arku ya rubuta cewa zai riƙe sabar, ki ɗauki Omeka S hankali kwance, ki riƙa fitar da bayananku zuwa jadawali lokaci-lokaci. In ba haka ba, ki zaɓi labari ɗaya mai ruwayoyi masu saɓani, ki gwada shi a CollectionBuilder, ki buɗe a wayar da ta fi kowace rauni a hannunki. Kafin nan kuma ki je ki tambayi shugaban sashenku wa zai riƙe aikin bayan kin kare shi.