Gargaɗi ga masu motocin lantarki: ku yi hattara da masu tallar "birkin tsere"

Salamu alaikum 'yan uwa. Wannan gargaɗi na masu manyan motocin lantarki ne, irin su Tesla Model S da Model 3 Performance da BYD Seal da BYD Han da Porsche Taycan, da kuma kanikawan da ake kai wa su a Garwa da Marwa da Ngaundere da Njamena. Motocin ba su yi yawa a wajenmu ba tukuna, amma 'yan damfara sun riga sun sa wa masu su ido. Sun san wanda ya iya shigo da irin wannan mota ta Duwala yana da abin hannu, kuma da wuya ya sami gwanin da zai tambaya a kusa.

Tallar takan fito a Facebook ko TikTok: hoton jan etiriye mai sheƙi, wato kan birkin da ke riƙe da filaket (takalmin birki) yana matse faifai, an rubuta Brembo, sunan wani sanannen kamfanin birki, a jikinsa, ga faifai mai huji-huji a gefe. Kana nuna sha'awa sai a ja ka WhatsApp. Maganar ba ta canzawa: "Alhaji, motarka ta fi ƙarfin birkinta. Muna da na karbon-seramik daga Dubai, fistan shida, yana shiga kowace mota." Sai a ce ka tura rabin kuɗi ta Orange Money ko MoMo, in a Chadi kake ta Airtel Money ko Moov Money. Bayan kwanaki a kira ka a ce kaya sun maƙale a duwan (kwastan), ko a gadar Ngeli da ke iyakar Kamaru da Chadi, sai ka ƙara wani abu. Daga nan lambar ta daina shiga.

Waɗannan ma su ne masu sauƙin cuta, kuɗi kawai suka ci. Masu haɗarin su ne waɗanda suke kawo kayan da gaske. Sukan zo da nasu mai ɗaurawa, su ce za su rage maka farashi in ka bar musu tsofaffin etiriye da faifan da suka cire. A nan ribarsu take. Birkin da kamfani ya ɗaura wa motar shi ne kaya mai daraja, shi za su je su sayar. Kai kuma a bar ka da jabu mai jan fenti a ƙarƙashin mota mai nauyin kusan tan biyu ko fiye, da iyalinka a ciki.

Abin da ya sa maganarsu take shiga kunne shi ne akwai ƙwayar gaskiya a cikinta. Model S Plaid tana da ƙarfin doki 1,020, nauyinta ya haura kilo 2,100. BYD Seal mai inji biyu tana kai gudun kilomita 100 cikin daƙiƙa 3.8, ita ma nauyinta ya wuce tan biyu. Mota mai kilo 2,200 da ke gudun kilomita 120, in aka tsayar da ita da birki kaɗai, zafin da faifai huɗu za su sha ya isa ya kai ruwa kusan lita 4 ga tafasa, kuma cikin 'yan daƙiƙoƙi. Corolla mai kilo 1,300 lita 2 da 'yan kai ne nata. In gudu ya ninka biyu, zafin sau huɗu yake ninkawa. A gangare abin ya fi haka: kowace mita 100 ta tsayi da wannan mota ta sauko, sai an san inda aka kai zafin da ya kusa na irin waccan tsayawa sau biyu. Duk wanda ya san gangaren Falez tsakanin Ngaundere da Mbe ya san me ake nufi. A yawancin lokaci injin motar ne ke riƙe ta yana mayar da wutar cikin batir, birkin ƙafa bai cika yin aiki ba. Amma in batir ya kusa cika, ko ya ɗau zafi sosai irin na watan Afrilu a Garwa, motar takan rage wannan riƙon, nauyin duka ya koma kan faifai da filaket da man birki.

To amma ga inda ƙaryar take. A tsayawar gaggawa guda ɗaya, taya ce ke yanke nisan da mota za ta ci kafin ta tsaya. In ka taka birki iya ƙarfinka ABS, wato na'urar da ke hana taya ƙamewa, ya kama, to birkin ya riga ya fi ƙarfin riƙon tayar da ƙasa, ko fistan goma aka sa ba za a rage maka taku ɗaya ba. Amfanin babban birki shi ne jure zafi in ana takawa da ƙarfi sau da yawa a jere, kamar a filin tsere. Mai zirga-zirga tsakanin Garwa da Marwa ba ya wannan tuƙin.

Sannan a duba farashi. Lokacin da Tesla ta sanar da nata birkin na karbon-seramik na Model S Plaid, dala 20,000 ta sa masa, wato sama da sefa miliyan goma, ban da jigila da duwan. Faifansa milimita 410 ne, na gaba mai kaurin 40, na baya 32, fistan shida a gaba, huɗu a baya, kuma ba ya shiga janti mai inci 19. Wanda ya ce zai ba ka irinsa a kan miliyan ɗaya ko biyu, ko dai ba shi ba ne, ko gawarsa ce aka kwaso daga wurin yanka motoci. Ko da na gaske ne ma, babbar janti tana zuwa da siririyar taya, kuma kowa ya san abin da rami ɗaya a hanyar Mora zuwa Kusiri zai yi wa irin wannan taya.

Gane faifan jabu ba ya buƙatar wata na'ura mai tsada. Maganaɗisu ya isa, ko na tsohuwar lasifika ne. A manna shi a fuskar faifan, inda filaket ke gogawa, nesa da ƙusoshin tsakiya. Karbon-seramik ba ya kama maganaɗisu. In ya kama, ƙarfe ne aka shafa wa baƙin fenti. A ƙwanƙwasa shi da sifana: ƙarfe yana amsa kuwwa kamar ƙararrawa, karbon-seramik sautinsa gajere ne. A ɗaga shi: na gaske bai wuce kusan rabin nauyin na ƙarfe mai girmansa ba. In duk ya tsallake wannan, saura sikeli. Irin wannan faifai ba kauri yake ragewa sosai in ya tsufa ba, cikinsa zafi ke cinyewa, nauyi ya ragu. Shi ya sa ake rubuta mafi ƙarancin nauyinsa a jikin tsakiyar. A wanke shi, a bar shi ya bushe, a ɗora a sikelin da ke nuna giram. In ya kai wannan lamba ko ya yi ƙasa da ita, ya gama aiki, ko da yana sheƙi kamar sabo. In an kankare rubutun, kada ma a ɓata lokaci. A bi bakin faifan da yatsa kuma. Ɓalgacewa ko tsaga mai ratsawa zuwa baki ta kashe shi.

Etiriye kuwa iri biyu ake cuta da shi. Na farko marufi ne kawai, roba ko siririn gorar-ruwa, a maƙala shi a kan etiriyen motar na asali. Haska fitilar waya ta bayan janti za ka ga tsohon yana leƙowa. Brembo ba ta yin irin wannan marufi. Ba ya ƙara komai sai tare iska, kuma in ya kwance zai iya shiga tsakanin janti da birki. Na biyu etiriye ne sosai, amma an zuba shi da ƙarfe maras inganci, robobin fistan ɗinsa ba sa jure zafi. A cire filaket a ƙirga fistan da ido, kada a yarda da ƙulle-ƙullen da ke jikinsa ta waje. Kayan ƙarin ƙarfi na Brembo na gaske suna zuwa da lambar tantancewa da ake dubawa da manhajar kamfanin. Ka duba da wayarka da kanka. Hoton da mai sayarwa ya turo maka ba shaida ba ne, kati ɗaya yakan yi yawo a wayar mutum ashirin.

Batun "yana shiga kowace mota" shi kaɗai ya isa ya tona asiri. Ramukan ƙusar taya na Model 3 biyar ne a da'ira mai milimita 114.3, na Model S 120, na Taycan 130. Abin da suke yi shi ne su kai faifan wurin mai injin sassaƙa ƙarfe a faɗaɗa ramuka, a yanko wani ƙarfe a yi wa etiriye mazauni. Faifan da bai zauna daidai tsakiya ba zai riƙa girgiza sitiyari, ya ci filaket ta gefe ɗaya. Mazaunin nan kuwa shi ke ɗauke da duk ƙarfin tsayar da motar. A duba kan ƙusoshinsa: in babu lamba 10.9 ko 12.9, ko babu lamba sam, ƙusar kasuwa ce. Akwai kuma abin da ido ba ya gani. Kwamfutar ABS an saita ta ne bisa girman fistan na asali. In aka ƙara na gaba ya yi yawa, feda takan yi zurfi, rabon birki tsakanin gaba da baya ya lalace, motar ta ci nisa fiye da da kafin ta tsaya. An gudu gara an faɗa gidan zago ke nan. A baya kuma, yawancin waɗannan motoci birkin ajiyarsu na lantarki ne, ƙaramin injin lantarki a jikin etiriye. Kayan jabu sau da yawa ba su da wurinsa, sai mai ɗaurawa ya naɗe wayar da salatif ya ce fitilar da ta kama a allo za ta mutu da kanta. Ba za ta mutu ba, kuma motar ba ta da abin da zai riƙe ta in an ajiye ta a tudu.

Man birki ya fi komai sauƙin cuta, domin ɗura shi ake yi a tsohuwar kwalba. Mai lamba DOT 3 sabo ba ya tafasa sai ya kai digiri 205, DOT 4 digiri 230, DOT 5.1 digiri 260. Amma yana shan danshin iska, kuma in ruwa ya kai kashi 3.7 cikin ɗari, lambobin sukan faɗo 140 da 155 da 180. Man da ya tafasa tururi ne, tururi kuma yana matsuwa, sai feda ta tafi har ƙasa babu abin da ya kama. Kwalbar da hatiminta ya taɓu, a mayar wa mai ita. DOT 5, mai launin shunayya, ba ƙanin 5.1 ba ne: na silikon ne, ba ya haɗuwa da sauran, bai dace da ABS ba. Abin da aka rubuta a murfin tankin man motarka shi za a zuba.

Abin da waɗannan motoci suke buƙata a ƙasarmu bai kai wannan tsada ba. Taya mai kyau wadda lambar ɗaukar nauyinta ta kai abin da aka rubuta a jikin ƙofar direba, da iska daidai. Filaket masu alamar E cikin da'ira da lamba 90R, ko haruffa biyu irin FF ko GG a gefensu, masu nuna ƙarfin kamunsu a sanyi da zafi. A auna danshin man birki da ɗan alƙalamin gwaji kowace shekara bayan damina. Matsalar da aka fi gani ma ta rashin aiki ce: da yake inji ke riƙe motar, faifai kan yi tsatsa da damina, ƙurar hunturu ta daskarar da sandunan da etiriye ke zamewa a kai. Sau ɗaya a shekara a buɗe, a wanke, a shafa man silikon, ba giris ɗin boris ba, shi kumbura roba yake yi. Mai saukowa Falez kuma kada ya taho da batir cike taf in yana da zaɓi, ya rage gudu tun daga sama, kada ya ɗora ƙafa a feda ya bar ta.

Wanda aka riga aka ɗaura wa irin waɗannan kaya, ya ajiye motar, kada ya ce bari ya gwada ta a hanya. A kunna ta a tsaye, a danne feda minti ɗaya. In tana nutsewa a hankali akwai yoyo. Wasu sababbin motocin kwamfuta ce ke ba feda taurinta, yoyon ba zai nuna a ƙafa ba, don haka a sa alama a tankin mai, a leƙa bayan kowace taya a nemi jiƙa. Wajen ɗaga motar, jak a wurarensa huɗu kawai, domin batir ne shimfiɗe a ƙasa, kuma wayoyi masu ruwan lemo ba a taɓa su. A yi odar kayan asali da lambar shasi, ba da sunan mota kaɗai ba. A adana saƙonnin WhatsApp da lambar kowace turawar kuɗi da hoton kayan tun suna jikin motar, a kai wa jandarma ko 'yan sanda. A Kamaru sashe na 318 na dokar hukunta laifuka ne ya shafi damfara. In tsofaffin etiriyenka suna hannunsu, ka sa su cikin ƙarar da lambobinsu in kana da hotonsu, tun kafin su tsallaka kogin Logon zuwa Chadi.