Digiri, kwas na wata uku ko koyon kai: wanne ke kai mutum aikin manhaja?

A wurina digiri ne kan gaba, amma ba kowane digiri ba. Wanda nake so shi ne wanda jami'a ke tura ɗalibi kamfani ya yi aiki na gaske tun yana karatu. Jami'ar Waterloo ta Kanada ta yi suna a wannan tsari tun kafuwarta a 1957: zangon wata huɗu a aji, wani zangon a wurin aiki, ana biyan ɗalibi albashi, har ya iya tara gogewar shekara biyu kafin ya kammala.

Aji na ba ka tushen da ba ya tsufa: algoridim (jerin matakan warware matsala), rumbun bayanai, yadda kwamfuta ke rabon ƙwaƙwalwarta. Abin da yake yawan tsallakewa shi ne aikin kullum, wato amfani da Git (manhajar adana tarihin canje-canjen da aka yi wa aiki), gwada manhaja kafin a sake ta, da zama gaban kod (rubutaccen umarnin kwamfuta) da wani ya rubuta ya bar kamfanin ba tare da ya bar bayani ko layi ɗaya ba. Hatta a jami'ar MIT ta Amurka sai da aka buɗe gajeren kwas don toshe wannan giɓi. Zuwa kamfani ne ke cike shi.

Koyon kai da CS50, kwas ɗin kwamfuta na jami'ar Harvard a intanet, kyauta ne, amma sai mai naci. Kwas na wata uku kuwa yayi yake koyarwa, yayi kuma wucewa yake yi.

A irin waɗannan gajerun kwasa-kwasan ne mayaudara suka fi yawa. A 2024 hukumar kare masu amfani da harkokin kuɗi ta Amurka, CFPB, ta hukunta makarantar koyar da rubuta manhaja ta BloomTech saboda kambama adadin ɗalibanta da suka samu aiki. Ni ma wata makaranta ta taɓa karɓe min kuɗi da alkawarin haɗa mu da kamfanoni, ashe takardar sunaye ce kawai da adireshin imel. Duk wanda ya ce maka aiki tabbas ne, nemi ganin tsofaffin ɗalibai ka ji daga bakinsu. Idan jami'a ce, bincika ko hukumar ilimi ta amince da ita, don akwai masu sayar da digiri a intanet ba aji ba jarrabawa. Ka kuma tambayi 'yan ajin ƙarshe ko a kan kwamfuta suke rubuta kod ranar jarrabawa, ko da biro a takarda.