Tukunyar Kashe Gobara Mai Hoda: Amfaninta da Iyakarta a Shago

Daga cikin kayan kashe gobara da ake sayarwa a kasuwanninmu, wadda na fi amincewa da ita domin shago ko gida ita ce jar tukunya mai hoda mai cin kilo 6, wadda aka rubuta haruffan ABC a jikinta. A tsarin Turai, A na nufin wutar itace, takarda da yadi, B ta fetur da kananzir, C kuma ta iskar gas. Hodar ba ta ɗaukar lantarki, saboda haka ana iya fesa ta a kan janareta ko wayar lantarkin da ta kama wuta, inda watsa ruwa zai iya halaka mai watsawar.

Aiki da ita ba ya buƙatar dogon horo. A zare fil ɗin da ke riƙe da hannunta, a tsaya kamar mita 2 zuwa 3 daga wutar, a saita tiyon a gindin wutar maimakon harshenta, sannan a matsa ana karkaɗa shi dama da hagu. Nauyinta da hodar a ciki ya kusa kilo 10, don haka baligi zai ɗauke ta ba wahala, amma ƙaramin yaron shago zai sha fama.

Abin da masu sayarwa ba su cika faɗa ba, kuma shi ne ya fi damuna, shi ne ƙarancin lokacinta. Idan aka matsa ba ɗagawa, hodar takan ƙare kafin a cika sakan 20. Wannan ya isa a kashe wutar da ta tashi yanzu a kusurwar shago, amma ba zai yi komai ga wadda ta riga ta kama rufi ba, kuma a irin wannan hali abin yi shi ne a fitar da mutane a kira 'yan kwana-kwana ko lambar gaggawa ta 112. Ban da haka, hodar ba ta sanyaya abin da ya ƙone, shi ya sa dilar atamfa ko katifa takan ci gaba da ci ta ciki, ta sake ruruwa bayan an ɗauka an gama. Gobarar da ta cinye dubban shaguna a kasuwar Sabon Gari ta Kano a watan Maris na 2016 cikin dare ta tashi, lokacin da shaguna ke kulle, kuma babu tukunyar da za ta maye gurbin kashe lantarki kafin a tashi daga kasuwa, musamman a lokacin hunturu.

Tana da ɓarna kuma. Ƙurarta tana tsaya wa mutum a maƙogwaro, tana rufe gani a ɗaki mai ƙunci, tana kuma lalata kwamfuta da waya, don haka mai sayar da kayan lantarki gara ya haɗa da tukunya mai iskar kabon (CO2). Mai hodar ba ta dace da man gyaɗan da ya kama wuta a kasko ba. Wannan murfi ake kifa masa a kashe murhun.

Wajen saye, a duba allurar ma'aunin da ke wuyanta, lallai ta kasance a kan kore, a tabbata hatimin fil ɗin bai tsinke ba, gindinta kuma babu tsatsa, domin akwai tsofaffin tukwane da ake yi wa sabon fenti a sayar. Hodar takan dunƙule idan ta daɗe a ajiye, shi ya sa ake so a riƙa juya tukunyar lokaci-lokaci, a kai ta ga masu duba ta sau ɗaya a shekara, a kuma sake cika ta ko da sau ɗaya kawai aka taɓa matsa ta, saboda iskar da ke tura hodar takan sulale bayan haka. Takaicina shi ne yadda nake ganinta a shaguna da yawa an tura ta can bayan kwalaye, inda sai an ratsa wutar kafin a kai gare ta. Wurinta jikin bango ne kusa da ƙofar fita, inda duk wanda ke shagon zai gan ta, kuma an taɓa nuna masa yadda ake zare fil ɗin.