Inshorar mota da garejin da ya gyara min baya: sun biya dai, amma sai da na ji a jikina

Tauraro uku cikin biyar zan ba kamfanin inshorar nan, garejin da ya yi min aiki kuma huɗu, shi ma da ba don maganar fenti ba da biyar ɗin zan ba shi cif. Ba zan kama sunan kowa ba don ba talla aka biya ni in yi ba kuma ba na son a ce na ɓata wa wani kasuwa, amma duk mai mota a Kano da ke tunanin yin babbar inshorar nan da ake ce wa kwamfirihensib, wadda ke biyan har ɓarnar motarka kai kanka, ga yadda abin yake in an zo karɓar kuɗi, wanda ya sha bamban da daɗin bakin da ejan ke yi maka ranar da yake son ka sa hannu.

Motata Corolla ce ƙirar 2010, an yi mata kima naira miliyan 6, su kuma suna karɓar kashi 5 cikin 100 na kimar mota, kun ga N300,000 ke nan duk shekara. Ba son ransu ba ne wannan lissafin, hukumar kula da inshora ta ƙasa, wato NAICOM, ce ta ce daga Janairun 2023 kar a yi ƙasa da kashi 5 ɗin, kuma a lokacin ne ta ɗaga ƙaramar inshorar nan ta tad fati, wadda ke biyan ɓarnar da ka yi wa wani kawai, daga N5,000 zuwa N15,000 ga motar gida, diyyar ɓarnar dukiya ita ma ta tashi daga miliyan 1 zuwa miliyan 3. Ku riƙe wannan diyyar don za mu dawo kanta.

Abin ya faru ne a titin Zariya daf da Gadar Lado, ana cikin gosulo, wani mai adaidaita ya yanko gabana na taka burki, sai kawai na ji gwaram ta baya, wata Sharon ta haya ce shaƙe da fasinja. Bamba ta fashe, but ya lotse ya ƙi rufuwa, fitilar baya ta dama ta tarwatse. Kan ka ce me jama'a sun taru kuma kun san halinmu, kowa Alhaji a yi haƙuri, Alhaji tsautsayi ne ba ya wuce ranarsa, shi kuma direban har ƙasa yana cewa yallaɓai ka rufa min asiri motar ba tawa ba ce balas nake kaiwa. To a nan ne abu na farko yake wanda ejan bai taɓa gaya min ba sai da na karanta da kaina a takardar yarjejeniya: in kana son kamfani ya biya ka, ba ka da ikon ka tsaya a bakin titi ka ce na yafe ko ku yi sulhu ka karɓi ɗan wani abu ba da saninsu ba, saboda in sun biya ka su ne ke da haƙƙin bin wanda ya buge ka ko kamfaninsa su karɓo kuɗinsu, in ka riga ka yafe ka toshe musu hanya ke nan kuma za su iya kafa hujja da wannan. Abu ne mai nauyi a wurin Bahaushe a taru a ba ka haƙuri ka ce sai an je ofis, ana kallonka kamar marar imani, amma haka na daure na ce ni ba na neman sisinsa, rahoton 'yan sanda kawai nake so.

Na karɓi takardar inshorarsa na danna *565*11# na sa lambar motar, babu ita babu alamarta a rumbun NIID, inda ake ajiye bayanan inshorar gaske. Ta bogi ce, irin wadda 'yan baranda ke haɗa wa mutum lokacin sabunta takardu su caje shi kuɗin gaske. Direban ma bai sani ba, na ga alamar haka a fuskarsa. Abin takaicin shi ne da takardar nan ta gaske ce da kamfaninsa ne zai ɗauki gyarana daga cikin diyyar nan, shi ya tafi gida lafiya ni ma ban taɓa tawa inshorar ba. Tun 1 ga Fabrairun 2025 'yan sanda suka ce sun fara kamen marasa tad fati, mutane suka yi ta rububin saye, amma da yawa takarda kawai suke riƙewa don a nuna a shinge, ba wanda ke duba ko tana aiki. Don Allah ku duba taku yau, minti ɗaya bai cika ba.

Yanzu kamfanin nawa. Abin yabo na farko, na kira lambar da ke jikin takarda aka ɗauka nan take, wata baiwar Allah ta ce in ɗauki hotuna ta kowane ɓangare har da lambar motar da ta buge ni kafin a matsar da komai, ta turo min fom ta WhatsApp a daren. Takardun da suka nema ba su da yawa: fom ɗin, lasisin tuƙi, takardun mota, rahoton 'yan sanda, hotuna, sai kiyasin kuɗin gyara daga gareji. Lasisinka ya zama bai mutu ba, wannan kam ba sa wasa da shi, in ya ƙare ko da kaɗan ne ka ba su hanyar zillewa.

Daga nan ne labari ya canza. Ofishinsu na Kano ashe ba shi da ikon amincewa da komai, duk abin da ka tambaya sai a ce an tura hedikwata Legas ana jiran amsa, ejan ɗin da yake kirana har da gaisuwar Juma'a lokacin da yake neman in sabunta shi kuma ya zama sai ka kira ka kira ya turo maka ina mitin. Injiniyan da suka turo ya duba mota ya zo a makare, ya zagaya ta da waya yana ɗaukar hoto, bai ko ɗaga kafet ɗin but ya ga ramin safaya taya ba, alhali a bugun baya nan ne ainihin ɓarnar take ɓuya. Bamba roba ce, tana iya komawa daidai ka ga kamar ba komai, amma ƙarfen da ke bayanta da farantin baya da ramin taya duk sun tattare. Sai da mai garejin ya kwance bamba ya sake ɗaukar hotuna muka tura ƙarin kiyasi, wannan kuma ya sake mayar da mu layin jiran Legas.

Da takardar tayi ta fito sai na ga an zaftare kuɗin ta hanya biyu. Akwai abin da suke kira eksas, wato wani kaso na kowace ɓarna da kai mai mota za ka ɗauka da kanka, yana rubuce a yarjejeniya ba ƙarya suka yi ba, sai dai ba a taɓa faɗa min da baki ba, kuma ashe akwai ɗan ƙarin kuɗi da za ka biya tun farko a cire maka shi. Na biyu kuma suka ce tunda fitilata da bambata tsofaffi ne in za a sa sababbi dal sai in yi ciko, don inshora mayar da kai take yi inda kake kafin hatsari ba ta ƙara maka. A hankalce maganar tana da kan gado, ban ƙi ba. Inda na ƙi shi ne farashin da suka sa wa kaya, kamar wanda ya yi shekara biyu bai shiga kasuwa ba, kowa ya san yadda kayan mota suka tashi tun da dala ta haura a 2023. Na tafi Ƙofar Ruwa da kaina na karɓo rasit ɗin farashi daga shaguna daban-daban na tura musu, na kuma ce ba zan sa hannu a takardar sallama ba sai an gyara, don da zarar ka sa hannu a kanta ka amince ke nan cewa an gama biyanka. Na ɗan ambaci cewa NAICOM tana da sashen karɓar ƙorafi, ban san ko wannan ne ya yi aiki ko rasit ɗin ba, amma dai an ƙara kuɗin, kuma bayan na sa hannu alat bai daɗe ba. A taƙaice sun ɗauki mafi yawan kuɗin gyaran, ni na cika sauran, kuma duk tsawon lokacin ba wanda ya ba ni motar hawa ko kuɗin adaidaita, wannan ba ya cikin tsarin da na saya.

Garejin kuwa yana cikin jerin waɗanda kamfanin ya amince da su, da farko na yi ɗari-ɗari don na ɗauka bakinsu ɗaya. Ba haka ba ne. Ogan wurin dattijo ne fanel bita, irin masu ƙarancin magana, shi ne ma ya fara ce min Alhaji kar ka yarda da kiyasin farko ba a ga ciki ba tukuna. Abin da ya burge ni shi ne bai cika motar da fila ba. Da yawa daga masu gyaran jiki abin da suke yi su ɗan bubbuga sama-sama su lafta fila mai kauri su goge su fesa fenti, ranar farko tas kamar sabuwa, zafin Kano na dukanta wata kaɗan sai ta fara tsagewa. Shi wannan jan ƙarfen ya yi da jak da sarƙa har ya dawo mazauninsa, yana aunawa da tef daga gefe zuwa gefe, ya nuna min tazarar murfin but ta hagu da ta dama sun yi daidai. Murfin da bai gyaruwa ya ce a canza, muka samo ɗan Beljiyam mai kyau tare da fitila, kuma ya ba ni shawarar in bar sabuwar fitila 'yar kanti mai arha don tana shan ruwa ta dushe. Ya canza robar bakin but, ya sa yaro ya shiga ciki da tocila aka rufe aka yi ta watsa ruwa da tiyo don a ga ko yana yoyo, ya kuma duba salansa ya ga ta ɗan karkace ya daidaita, ya ce in aka bar ta haka ga but ba ya rufuwa sosai hayaƙi zai riƙa shigowa cikin mota. Wannan kam ban taɓa jin wani makanike ya kawo shi ba.

Fenti ne matsalar. Motar silba ce kuma silba tana da wuyar haɗawa na sani, amma ba su da ɗakin fesawa na kirki, a wata rumfa da aka zagaye da tamfol ake yi, ga ƙura. A inuwa ba za ka gane ba, in rana ta take kuwa murfin but ya fi sauran jikin haske kaɗan, kuma in ka shafa hannu akwai 'yan ƙurajen ƙura a gefen bamba. Na yi magana suka sake gogewa da folish ba su karɓi ko kwabo ba, ya ragu amma bai tafi duka ba. Wanda motarsa sabuwa ce ko yake shirin sayarwa gara ya bar su su yi aikin ƙarfe ya kai fenti inda ake da oban, wato rufaffen ɗakin fesawa da busar da fenti, ko da zai yi ciko, don dillalai da ido ɗaya suke gane motar da aka taɓa wa baya su karya mata kuɗi. Sannan alƙawarin rana ba shi da ƙarfi a wurinsu, in an ce maka jibi ka ƙara wasu kwanaki a ranka.

Wani abu kuma da ba na gareji ba ne ba na kamfani ba, a wurin hatsarin garau nake ji, washegari wuyana ya ƙi juyawa. Bugun baya haka yake yi, kai ya fizgu baya ya dawo, ciwon sai daga baya yake fitowa, saboda haka a je asibiti a duba kuma a ajiye rasit.

Zan sabunta da su? E, amma wannan karon da kuɗin cire eksas a ciki, kuma sai an sake yi wa motar kima daidai da kasuwar yau, don in ka bar tsohuwar kima suna iya rage maka diyya gwargwadon yadda ka rage kimar. Masu shakku ta fuskar addini kuma akwai takaful irin su Noor da Jaiz, su ma NAICOM ce ke kula da su, nan ma a karanta sharuɗɗan kafin a biya. Garejin ba su da POS, tiransifa ne ko kuɗi hannu, kuma ranar Juma'a da an tafi masallaci an tashi ke nan sai Asabar.