Hattara da dillalan hayar mota a Dubai masu karɓar kuɗi da naira

Assalamu alaikum 'yan uwa. Na daɗe ina jan ƙafa kan wannan rubutu, domin wanda abin ya faɗa wa kawuna ne, ƙanin mahaifiyata, kuma dattijo ba ya son duniya ta ji an yi masa wayo. Sai da na ga shafin da ya cuce shi ya sauya suna ya ci gaba da talla kamar ba a yi komai ba, na je har shago na same shi. Na ce, "Kawu, ka yi haƙuri, in muka yi shiru gobe wani ne zai faɗa." Ya yi jim, ya ce in rubuta, amma kada in kama sunansa.

Kawu ɗan kasuwa ne a Kantin Kwari, ba baƙon Dubai ba ne. Shekara da shekaru yana zuwa saro kaya, ya sauka a Deira, unguwar kasuwanni ta Dubai, ya yi zirga-zirgarsa da ƙafa da tasi. Bayan an ɗage takunkumin biza da aka sa wa 'yan Najeriya a watan Yulin 2024, jirgin Emirates kuma ya dawo Legas a watan Oktoba, mutane suka sake ɗunguma. Wannan karon ya ce zai tafi da iyali, uwargida da yara uku, a haɗa kasuwa da hutawa. Mutum biyar a tasi kullum ba ƙaramin kuɗi ba ne, shi ya sa tunanin hayar mota ya zo masa.

A Instagram ya ga tallar. Hotunan motoci masu sheƙi, bidiyon wani saurayi yana kaɗa makulli a gaban dogayen gine-gine, yana magana da Hausa tsantsa. Jif dirhami 80 a rana. Abin da ya fi jan Kawu ma ba farashin ba ne, wani layi ne da aka rubuta a ƙasa: ba a buƙatar katin bashi, ba a buƙatar lasisin tuƙi na ƙasa da ƙasa, kuma ana iya biya da naira.

A nan tarkon yake, kuma ina so a fahimci dalilin da ya sa yake kama mutanenmu. Kamfanonin haya na gaskiya a Dubai yawanci suna neman katin bashi na banki mai sunan wanda zai tuƙa, su riƙe wani kaso a kai a matsayin ajiya. Mai lasisin Najeriya da ya shiga da bizar ziyara kuma ana neman ya haɗa da lasisin ƙasa da ƙasa. Mafi yawanmu ba mu da irin wannan kati, da yawa kuma ba mu taɓa damuwa da wancan lasisin ba. Ɗan damfara ya san wannan gurbi sarai. Shi ya sa yake zuwa a siffar mai taimako, ɗan uwa da zai raba ka da wahalar Larabawa da Indiyawan kanta. Yaron ya riƙa kiran Kawu "Alhaji ranka ya daɗe", yana turo saƙon murya da gaisuwar iyali, har da cewa shi ma ɗan Fagge ne. Kawu ya tura kuɗin kwana bakwai da ajiyar dirhami 1,500, duk da naira, zuwa wani asusu a nan gida. Sunan da ke kan asusun daban, sunan yaron daban, sunan shafin daban. Da Kawu ya tambaya sai aka ce ai na ɗan canjinsu ne.

Akwai masu wannan sana'a da ba su da ko taya. Kana turawa, ka sauka a filin jirgi, ka tarar an toshe lambarka. Wannan sata ce tsirara, ba ta buƙatar dogon bayani. Ta Kawu ta fi ta haɗari, don shi an kawo motar.

An kawo ta wurin ajiye motoci na otal da daddare, ba a wani ofis ba. Ba takardar yarjejeniya, sai wata 'yar takarda da yaron ya rubuta da biro. Ya ce dokar kamfani ce a riƙe fasfon mai haya har ya dawo da mota. Kawu ya sha tafiya, yara na gyangyaɗi a kan akwatuna, ya miƙa fasfo ya karɓi makulli. Bai zagaya motar ba, balle ya ɗauki hoto.

Abin da bai sani ba shi ne, motar ba ta yaron ba ce, kuma babu wani kamfani nasa. Wani ne mai takardar zama a ƙasar ya ɗauko ta haya ta wata guda daga kamfani na gaske, da sunansa, a farashin wata wanda ya fi na kullum sauƙi, su kuma suna yanka ta kwana-kwana suna ba baƙi. Ma'ana kwana shida Kawu yana yawo da matarsa da 'ya'yansa a titin Sheikh Zayed cikin motar da a takarda ba shi da izinin taɓa sitiyarinta. Inshorar motar haya tana bin direban da aka rubuta a yarjejeniya ne. Da Allah ya kawo tsautsayi ya bugi wani, da ba inshorar da za ta tsaya masa, ga tuƙi ba da lasisin da ake nema ba. A Dubai kuma ba a yin irin sulhun bakin titi da muka saba, a ce kai mu je wurin mai gyara mu shirya. Gareji ba ya taɓa motar da ta yi hatsari sai da rahoton 'yan sanda, rahoton kuma zai fito da sunan wanda ke tuƙi. Duk lokacin da na tuna wannan sai gabana ya faɗi, don asarar kuɗin ba komai ba ce a kan abin da Allah ya tsare.

Ranar mayar da mota, saura kwana ɗaya su taso, yaron ya zo da wani ƙato da Kawu bai taɓa gani ba. Suka zagaya motar da fitilar waya, suka nuna ƙwarzane a ƙofar baya da wata 'yar lotsawa a bamba. Suka fito da lissafi a waya: gyara dirhami 1,800, tarar gudu 800, kuɗin Salik 600. Jimla 3,200, ban da ajiyar da ke hannunsu, wadda suka ce sai bayan wata biyu za a duba ta. In bai biya ba, ba fasfo. "Alhaji ranka ya daɗe" ta ɓace, aka koma "malam, kai ka sani."

A lokacin ya kira ni, muryarsa na rawa, abin da ban taɓa ji ba tun tasowata. Na ce, "Kawu, karanto min lissafin a hankali." Da ya zo kan Salik na tsayar da shi. Salik kuɗin wucewa ne ta wasu ƙofofi a manyan titunan Dubai, kamar gadar Garhoud da gadar Maktoum da kan titin Sheikh Zayed, na'ura ke cira ba tare da ka tsaya ba. Shekaru da dama dirhami 4 ne duk wucewa ɗaya. Daga ƙarshen Janairun 2025 aka mayar da shi 6 a lokacin cunkoso, 4 a sauran lokuta, tsakar dare kuma kyauta. Ko a kan 6 aka lissafa duka, dirhami 600 na nufin ya ratsa ƙofa sau 100 a kwana shida. Mutumin da rabin kwanakinsa a kasuwar Naif ya yi su, mota na ajiye. Tarar gudu kuwa ba a ɓoye take ba, ana duba ta da lambar mota a shafin 'yan sandan Dubai ko manhajarsu, ta nuna rana da wuri. Na ce ya nemi su nuna masa. Suka ce ba ta hau ba tukuna.

Na ce masa, "Kawu, riƙe fasfon mutum haramun ne a dokar ƙasar, ba kamfanin da ke da wannan ikon. Ka shiga wurin masu karɓar baƙi na otal, ka kira 901, lambar 'yan sanda ce ta abin da ba na gaggawa ba. Ka bari su ji kana kira." Ya ji tsoro, don ya san shi ma ya yi tuƙi ba bisa ƙa'ida ba, kuma da wannan tsoron suke cin mutane. Amma nasu laifin ya fi nasa, kuma sun sani. Yana nufar kanta, ƙaton ya ja yaron gefe. Minti kaɗan aka ajiye fasfo a kan tebur, suka ɗauki mota suka tafi. Ajiyar 1,500 kuwa ta bi ruwa.

Wani zai ce me ya hana shi kai ƙara? Da me zai kai? A shekarar 2024 hukumar kare haƙƙin masu saye ta Dubai ta umarci kamfanonin haya su saki kuɗin ajiya cikin kwana 30 da dawo da mota, kuma ana kai mata koke ta bi wa mutum haƙƙinsa. Amma wannan gata na wanda ke da yarjejeniya da kamfani mai rajista ne, da rasit mai sunansa. Kawu ba sunansa a ko'ina. Kuɗinsa ma bai taɓa shiga Dubai ba, a wani asusu a Najeriya ya tsaya. Biyan naira da ya ɗauka sauƙi aka yi masa, shi ne ya yanke duk wata igiya da zai kama.

Ni ba na ganin laifin mai neman rangwame. Canji ya yi tsada, dirhami a ɗaure yake da dala, kusan 3.67 duk dala ɗaya, don haka duk motsin dala a kasuwar canji ta Wapa sai ya taɓa aljihun mai tafiya Dubai. Amma araha ba ta ado, kuma wurin da ake rage kuɗi na gaskiya daban ne.

Tambayar farko ma ita ce: kana buƙatar motar kuwa? In kasuwa ta kai ka, kuma a Deira za ka sauka, jirgin ƙasa na cikin gari ya wadatar. Jan layi na tsayawa a filin jirgi, koren layi kuma na bi ta Baniyas Square da Al Ras da kasuwar zinare. Ka sayi katin Nol ka zuba kuɗi, shi ne na jirgi, shi ne na bas. Wurin ajiye mota a Deira kuɗi ne da ciwon kai. Mai iyali ma zai iya yin kwanakin kasuwa ba mota, ya ɗauki haya kwana biyu kacal na zuwa Abu Dhabi ko Sharjah. Da Kawu ya yi haka a kamfani na gaske, da bai kashe rabin abin da ya rasa ba.

In kuma hayar ta zama dole, ka yi lasisin ƙasa da ƙasa tun a gida kafin ka tashi, ka riƙe shi tare da na Najeriya. Ka nemi kamfani mai ofis da za ka taka da ƙafarka, mai lasisin kasuwanci a rataye, ka biya a asusun kamfanin, a ba ka rasit. In ba ka da katin bashi ka tambaye su kai tsaye, akwai masu karɓar katin cirar kuɗi ko su sayar maka da tsarin da ba ajiya a ƙara wani abu a kan kuɗin kullum. Ya fi tsada a ido, amma sunanka na kan takarda. In ɗanka ko abokin tafiya zai taɓa tuƙi, a rubuta shi shi ma. Ka dubi katin rajistar motar, wanda suke kira mulkiya, ka ga sunan kamfanin ne a kai. Fasfo su ɗauki hotonsa su miƙo maka abinka a take.

Sai karatun yarjejeniya, wanda mu ba mu cika yi ba, sai mu sa hannu mu ce Allah ya tsare. Ka nemi adadin da zai hau kanka in mota ta samu lahani, don inshorar da ke cikin farashin talla takan bar maka wani kaso mai nauyi. Ka tambayi iyakar kilomita a rana, saboda Dubai zuwa Abu Dhabi kusan kilomita 140 ne, zuwa da dawowa kaɗai na iya haura iyakar wasu. Ka tambayi nawa suke ɗorawa a kan kowane Salik da kowace tara a matsayin ladan aiki. Mai kuma ka karɓa cike ka mayar cike, ka riƙe rasit ɗin gidan mai na ƙarshe. Hayar mako ta fi ta kwana-kwana sauƙi, ƙaramar mota ta fi jif, kuma a nan ne ragin yake, ba a wurin yaron Instagram ba.

Abu ɗaya da zan roƙi kowa, ko a kamfanin da ya fi kowanne suna: kada ka karɓi mota a duhu. Ka kunna bidiyo ka zagaya ta a gaban ma'aikacinsu, ƙofofi, bamba, gilashi, tayoyi da ƙarafunansu, rufi, kujeru, allon mai da na kilomita. Duk ƙwarzanen da ka gani a rubuta shi a takarda. Ranar mayarwa ka sake yin haka, ka karɓi shaidar cewa sun karɓa lafiya. Minti biyar ne. Har yau Kawu bai san ko ƙwarzanen nan shi ya yi ko da shi aka kawo motar ba, ni kuwa zuciyata ta fi ba ni cewa mutum nawa aka riga aka caja a kansa. In za ka shiga Abu Dhabi kuma ka sani tun 2018 suka cire rarar gudun da ake yafewa, abin da allo ya nuna shi ne iyaka, ko kilomita ɗaya ka ƙara kyamara ta ɗauke ka.

Wanda ya riga ya faɗa, kada kunya ta sa ya yi shiru. In kana can kuma an riƙe fasfonka, 'yan sanda za ka nufa, akwai kuma ƙaramin ofishin jakadancin Najeriya a Dubai da babban a Abu Dhabi. Damfarar intanet ana kai rahotonta a shafin eCrime na 'yan sandan Dubai. In da naira ka biya, ka garzaya bankinka da shaidar turawa tun kuɗin bai yi nisa ba, ka kai koke EFCC, ka adana duk saƙonnin murya da hotunan hira kafin a goge.

Mu mun kai namu banki bayan ya dawo, da takardar turawa da komai. An ce mana asusun tun ranar da kuɗin ya shiga aka kwashe shi. Shafin kuwa na duba shi shekaranjiya: sabon suna, sabuwar lamba, amma farar jif ɗin nan ce dai a hoton farko, an ƙara rubuta "rangwame na musamman ga 'yan Arewa" a ƙasanta.