Kayan ninkaya masu rufe jiki na yara: yadda suka kasance mana a gaɓar tekun Nice

A dogon hutun da ya wuce ni da maigidana da 'ya'yanmu uku muka ziyarci ƙaninsa da ke aiki a birnin Nice, a kudancin Faransa, bakin tekun Bahar Rum. Tun kafin biza ta fito matar ƙanin nasa ta ja mini kunne cewa a watan Agusta babu dabarar da za ta hana yara zuwa bakin ruwa, don haka gara in tanadi abin da za su sa tun daga gida. Yaran, 'yar shekara 12 da ɗan shekara 9 da autarmu mai shekara 5, iyakar saninsu da wanka a fili shi ne ruwan Wikki na Yankari, inda muka saba faɗawa da tsohuwar riga da wando ba wanda ya ɗaga kai ya dube mu. Abin da ya kai ni wani shago a Abuja ke nan, wanda ke tallar kayan ninkaya masu rufe jiki a Instagram.

Babbar na saya mata irin wanda ake kira burkini, wato riga mai dogon hannu da ta sauko rabin cinya, da dogon wando, da hula mai rufe kai da wuya. Wata 'yar asalin Labanon da ta tashi a Ostareliya, Aheda Zanetti, ita ce ta ƙirƙiro wannan sutura a 2004, amma namu ba na kamfaninta ba ne, kwaikwayonsa ne irin wanda ya cika kasuwa yanzu. Autar na ɗaukar mata riga da wando ba hula, namijin kuma riga mai gajeren hannu da sakakken wando da ya rufe gwiwa. Kuɗin duka ukun ya kusa kamo na shadda mai kyau yadi biyar, kuma sai da na yi jim kafin in biya.

Yadin bai ba ni kunya ba. Haɗin foliyesta ne da zaren roba, ba ya shan ruwa kamar auduga, kuma duk wadda ta taɓa shiga ruwa da rigar auduga ta san yadda take yin nauyi ta manne a jiki har ta bayyana abin da aka sa ta domin ta rufe. Wannan kuwa da yarinya ta fito ruwan yake tsiyayewa, kafin a gama cin abin da aka zo da shi ya bushe. A jikin takardarsa an rubuta UPF 50+, ma'ana yana tare kusan kashi 98 cikin 100 na hasken rana mai ƙona fata. Da ina cikin masu cewa baƙar fata ba ta san ƙunar rana ba, sai da na ga bayan wuyan ɗana, inda rigar ba ta kai ba, yana saɓulewa a kwana na huɗu. Abin da ya fi burge ni shi ne wasu 'yan igiyoyi masu maɓalli da aka ɗinka a cikin rigar babbar, ana maƙala su a ƙugun wando, ta yadda ko igiyar ruwa ta buge ta rigar ba ta tashi sama. Ƙaramin abu ne a ido, amma shi ya sa yarinyar ta saki jiki ta yi wasanta, maimakon ta wuni tana jan riga ƙasa da hannu ɗaya.

Hular ce ta ba mu wahala. A bayyane yake wanda ya yanka ta bai taɓa ganin kan da aka yi wa shuku ba, domin an yi ta ne don gashin da ke kwanciya. Tana sa ta sai ta zame baya, gefen haɓa kuma ya shaƙe ta, har sai da muka tsefe kan a kwana na uku muka yi mata ƙananan kitso kwantattu zuwa ƙeya. Baƙi na zaɓa saboda na ɗauka ya fi kamala, kuma na yi kuskure, domin a wajen ruwa yana tara zafi sosai. Mai ruwan toka ko shuɗi mai haske zai fi. Awonsu ma yana da ƙanƙanta, wadda za ta saya ta ƙara lamba ɗaya a kan wadda ɗanta ya saba sawa. Gaɓar Nice kuma ba yashi ba ce, duwatsu ne mulmulallu masu ɗaukar zafi, saboda haka sai da muka nemi takalman roba na shiga ruwa a can. Wannan ba zan ɗora wa mai shagon ba.

Abin da zan ɗora mata daban ne. Ranar da na je karɓar kayan na tambaye ta, "Hajiya, ko'ina za su iya shiga ruwa da waɗannan?" Ta ce, "Ko'ina a duniya, Hajiya, ki kwantar da hankalinki." Ba haka ba ne, kuma wanda ke sayar da kaya ga matafiya ya kamata ya san bambancin.

A bakin teku gaskiyarta ce, ko da yake sai da aka kai ruwa rana kafin a kai ga hakan. A bazarar 2016, makonni kaɗan bayan harin da aka kai da babbar mota a Nice ranar 14 ga Yuli, garuruwa kusan 30 na gaɓar tekun Faransa, ciki har da Cannes da Nice ɗin kanta, sun haramta burkini, har hoton 'yan sanda tsaye a kan wata mata tana cire rigarta ya zagaya duniya. Ranar 26 ga Agusta na shekarar, kotun ƙoli mai duba hukunce-hukuncen gwamnati ta dakatar da dokar garin Villeneuve-Loubet, wanda ke kusa da Nice, bisa hujjar cewa ta tauye 'yancin jama'a ba tare da wata barazana ga zaman lafiya ba. A kan wannan hukunci ake tafiya, kuma mu dai cikin mako biyu ba wani jami'i da ya ce mana uffan a gaɓar. Wuraren ninkaya na hukuma kuwa dokarsu daban. Da birnin Grenoble ya sauya ƙa'idarsa a 2022 don a bar mata su shiga da burkini, wannan kotun dai ita ce ta tabbatar da dakatar da sauyin a watan Yuni. Bugu da ƙari, yawancin irin waɗannan wurare a Faransa ba sa barin namiji, babba ko yaro, ya shiga da sakakken wando, sai matsattse, a cewarsu saboda tsabta, tun da wandon da za a iya yawo da shi a titi yana kwaso ƙura da datti.

Ban san wannan ba sai ranar da iska ta tayar da teku, ƙanin maigidana ya ce a kai yaran wurin ninkaya na unguwarsu. Tun a ƙofa ma'aikaciyar ta nuna mana allo mai zanen abin da aka yarda da shi, ta girgiza kai ga kayan babbar, ta girgiza kai ga wandon namijin, sannan ta nuna wani injin sayar da kaya a gefe da ke fitar da ɗan wando kamar kamfai. Yaron ya duba ya ce, "Kawu, wallahi ba zan sa wannan a gaban mutane ba." Malaminsu na Islamiyya ya riga ya koya musu cewa al'aurar namiji daga cibiya ce zuwa gwiwa, kuma ban ga dalilin da zan rushe masa wannan saboda wankan awa ɗaya ba. Washegari kawun ya samo masa matsattsen wando mai kaiwa gwiwa irin na masu gasar ninkaya, aka karɓa. Babbar ba ta shiga wurin ba har muka dawo. Da mai shagon ta yi mini bayanin nan a jimla biyu, da na shirya zuciyar yarinyar tun a gida, ba ta tsaya a gaban layin mutane ana juya ta ba.

Shirin da na yi musu tun a Kano ma rabi ne. Na zaunar da su na ce za su ga maza da mata da 'yan guntayen kaya, wasu matan ma a kwance suna shan rana ba riga, kuma a wurinsu wannan ba rashin tarbiyya ba ne, al'adar bakin ruwa ce. Na hana su nuni da yatsa, da ƙura ido, da ɗaukar hoton kowa. Don kada su ɗauka mutanen ba su da iyaka ko kaɗan, na gaya musu cewa a Barcelona tun 2011 ana cin tarar wanda ya shiga cikin gari da kayan wanka, a Sorrento ta Italiya kuma tarar da aka sa a 2022 tana kaiwa Yuro 500, wato su ma suna da inda suke ganin abin bai dace ba. Duk da haka minti biyar ba mu yi da sauka ba autar ta ɗaga murya ta ce, "Umma, kalli waccan tsohuwar, ta manta rigarta a gida!" Allah Ya taimake ni Hausa ta yi.

Rabin da na manta shi ne cewa su ma za a kalle su. Wannan babbar ce ta ɗanɗana. A kwanakin farko tana fitowa daga ruwa sai ta naɗe a tawul ta ce mini, "Umma, kowa ni yake kallo." Ba kowa ba ne, amma akwai masu kallon, kuma wata dattijuwa ta tambaye ta cikin Faransanci ko ba ta jin zafi, tambayar da har yau ban tantance ko ta tausayi ce ko ta zolaya ba. Matar kawunsu ce ta yi abin da ya kamata in yi tun farko: ta koya mata gajeriyar amsa cewa tana jin daɗinta haka, ta gode, sannan ta zaga da ita gaɓar tana nuna mata yaran Turawa da iyayensu suka sa wa riguna masu dogon hannu saboda rana, da iyalai 'yan asalin Aljeriya da Tunisiya da matansu ke cikin ruwa da kaya irin nata. A nan ne ƙirar kayan ta taimaka, domin daga nesa sun fi kama da kayan wasanni, ba su ware ta kamar yadda doguwar riga jiƙaƙƙiya za ta yi ba.

Zan sake saye a shagon, amma na mata kawai, kuma don teku ko wurin ninkaya na otal da na riga na tambayi ƙa'idarsa. Wandon namiji sai na san ƙasar da za mu. Bayan mako biyu na ruwan gishiri, ana ɗauraye su da ruwan famfo kullum a shanya a inuwa, ɗinki bai saki ba, launi bai koɗe ba, zif ɗin wuyan autar ne kawai ya fara cijewa. Da muka dawo na aika wa mai shagon saƙo na bayyana mata abin da ya faru a ƙofar wurin ninkayar, ta ba ni haƙuri ta ce ba ta taɓa ji ba. Hular kuma na kai wa telana ya ƙara mata faɗi, ya juya ta ya ja ta, ya ce kekensa ba ya ɗinka yadi mai roba irin wannan, sai dai in nemi masu ɗinkin rigunan 'yan ƙwallo.