Ninkawa ko duba alama: wanne ya fi wajen gano inda lamba ta tsallaka sifili

Wa alaikumus salam, ƙanena. Ka tambayi yadda shirin kwamfuta zai gano inda jerin lambobi ya tsallaka sifili. Tsakanin hanyoyi biyun da ka kawo, wato ninka lamba da maƙwabciyarta ka duba ko sakamakon ya faɗa ƙasa da sifili, da kuma duba alamar kowacce (sama take da sifili ko ƙasa) ka kwatanta, ɗauki ta biyu.

Da ita na yi aikina na kammala karatu a Samaru, na'urar auna bugun wutar janareta a kan ƙaramin allon kwamfutar nan, Arduino Uno. Wutarmu a Najeriya hertz 50 ce, ke nan tana tsallaka sifili sau 100 a daƙiƙa ɗaya. In ka ƙirga tsallakawar ka raba biyu, ka san ko injin na tafiya daidai ko ya fara nishi. Abin da na rubuta bai fi layi biyar ba: ka riƙe alamar lamba ta ƙarshe da ba sifili ba, in sabuwa ta zo da wata alama daban ka ƙara ɗaya, in sifili ce ka wuce ta. Ranar kare aikin malamai suka yi ta ƙara wa janaretan lodi suna ragewa, ƙirgar ba ta yi gardama ba. Har yau wani mai gyaran inji a Sabon Gari yana amfani da ita.

Ninkawa kuwa gajera ce, tana da daɗin gani a allo, iyakarta ke nan. A Uno, int, wato ma'ajiyar cikakkiyar lamba, ba ya wuce 32,767. Ninka 200 da 200, duka sama da sifili, amsa 40,000 ce, amma sai ta juye ta koma -25,536, shirin ya ce maka alama ta canza alhali ba abin da ya faru. A Java ma haka take da zarar an haura 2,147,483,647. Lambobin Python na asali ba sa juyewa, amma na NumPy, kayan lissafin da ake ƙara wa Python, suna yi. Ga kuma matsalar sifili: a jerin 3, 0, -2 duka ninkawar biyu sifili suke bayarwa, tsallakawar ta wuce ba a gan ta ba.

In da Python kake, zip(x, x[1:]) zai haɗa maka maƙwabta, ko itertools.pairwise daga 3.10. Masu np.sign da np.diff na NumPy su lura, jerin 3, 0, -2 sau biyu za su ƙirga shi, don haka a tace sifili tukuna. In kuma daga na'ura lambobin ke zuwa, suna rawa kusa da sifili, sai ka sa iyaka, misali duk abin da ke tsakanin -5 da 5 a ɗauke shi sifili.

Ba ka tambaya ba, amma don Allah ka kiyayi masu sayar da kod na aikin ƙarshe a gari. Na ga wanda aka sayar wa wata ƙanwarmu, ninkawa ce a ciki, an gwada mata da ƙananan lambobi kawai aka karɓi kuɗi, lambar wayar mutumin kuma ta daina shiga. Duk wanda ya ba ka kod, ka zuba masa 3, 0, -2, sannan -3, 0, -2, sannan 200, 200 a gabansa. Ƙirgar tsallakawa ta zama ɗaya, sifili, sifili, bi da bi. In ba haka ta fito ba, kada ka biya ko kwabo, turo shi nan mu gyara tare.